Ba a Kira Ni Ba

"Mayar da ita cikin akwati, Fasto," in ji Baba Birkila. "Ba a kira ni ba."

Fasto ya tsaya da gurasar a tsakanin yatsunsa. Ya riga ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujerar gefen gado, ya yi addu'a, ya karanta abin da ake karantawa. Ya zo ne ya ba mara lafiya Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabi, a gida, yadda ake yi wa duk wanda ƙafa ta daina kai shi coci. Ni ina bakin ƙofa riƙe da zanin gadon da muka cire, don ni ce maƙwabciyar da Auta, 'yarsa, take ƙwala wa kira idan za a juya shi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu, shi ne ma ya gina ta.

"Wa zai kira ka, Baba? Ai ga ni na zo da kaina."

"Ina ƙarƙashin horo."

Fasto ya dube ni, ya dubi Auta. Auta ta ɗora tafin hannu a goshin uban, a zatonta zazzaɓi ne ke magana.

"Cire hannunki, hankalina ɗaya. An ajiye ni a bencin baya, aka ce in zauna sai an kira ni. To ina zaune."

"Tun yaushe?"

"Shekarar da muka ɗora ginin farko."

Fasto ya yi lissafi, leɓɓansa na motsi. "Shekara talatin da shida ke nan. Baba, ko haihuwata ba a yi ba."

"To ka gani."

"Me ka yi?"

"Mari. Na mari sakataren ikilisiya a gaban jama'a." Ya juyo da idonsa wajena a hankali. "Babanki."

Saura kaɗan zanin ya suɓuce mini. Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Na tuna ranar da babanmu ya dawo gida da kumatu a kumbure, mama ta ce ciwon haƙori ne, ta hana mu tambaya. Kwana huɗu yana tauna da gefe ɗaya. Ashe haƙorin nan yatsu biyar gare shi.

A cocinmu na Lutheran, idan mutum ya yi laifin da kowa ya gani, dattawa sukan sa shi a horo. Zai koma bencin ƙarshe, ba zai ci Jibi ba, har ranar da za a kira shi a gaban ikilisiya a maido shi. Yawanci wata uku ne ko shida. Mai taurin kai ya yi shekara. Mu da muka tashi a cocin mun buɗe ido mun ga Baba Birkila a bencin baya, kowa kuma da bayanin da ya ba kansa. Wasu sun ce iskar bakin ƙofa yake so. Masu tsara zama sun ɗauka ciwon gwiwa ne, shi ya sa in suna tayar da mutane layi-layi zuwa bagadi a gaban coci don cin Jibi, sai su tsallake shi cikin ladabi. Auta ta ce ita ta zaci wani alkawari ne tsakaninsa da Allah. Matarsa ce kaɗai ta sani, ita kuma ta rasu shekara goma da suka wuce ba ta gaya wa kowa ba.

Sauran labarin a bakinsa muka ji shi ranar, yana yi yana hutawa. Ikilisiyar nan a garejin wani direban babbar mota ta fara, da mutum goma sha ɗaya da littafin waƙoƙi biyu. In direban yana gari, a gefen taya ake sujada, wato taron ibada. Da suka kai arba'in suka sami fili, Baba Birkila ya ja igiyar awo ya kafa turaku. Babanmu malamin makaranta ne, shi ke riƙe da takardar zanen ginin, kuma mutum ne da ya fi yarda da takarda a kan idonsa. Ya zo da yamma ya auna, ya ga kamar turke ɗaya bai zauna daidai ba, ya cire ya matsar da shi taki guda, bai gaya wa kowa ba. Washegari masu taimako suka riga birkila zuwa, suka jera bulo sahu uku a kan igiyar. Da ya iso ya gani, ya tambayi wanda ya taɓa masa turke. Babanmu ya fito da takarda zai yi bayani, bai kai ƙarshen jimla ba. Har yau bangon hagu na wajen bagadi a karkace yake, labule ne ya rufa masa asiri.

Ginin farkon nan benci shida ne kawai. Daga na baya, in ka yi atishawa fasto zai ce maka sannu. Faston da ya sa shi a horo aka yi masa canjin wuri kafin shekara ta zagayo. Sai aka buɗe masaƙa a bayan gari, mutane suka kwararo da matansu da 'ya'yansu, coci ya yi kaɗan. Sau uku ana fasa bangon baya ana ƙara tsawo, kuma duk sau ukun shi ya fasa, shi ya sake ginawa. In an gama sai ya ɗauki bencinsa ya kai jikin sabon bangon. Yau layi hamsin da biyu ne, ga benen mawaƙa, ga sujada biyu kowace Lahadi, ga rassa uku a wasu unguwanni. Fastoci bakwai sun zo sun wuce. Daga inda yake zama, a lasifika yake jin wa'azi.

"Baba," in ji Fasto, ya durƙusa a gefen gadon, "ni ne fastonka yau. Na sake ka. Ubangiji ya gafarta maka tun tuni."

"Na san ya gafarta, ba da shi nake magana ba. A gaban mutane na yi marin, a gaban mutane aka ajiye ni. Ba za ka maido ni a ƙuryar ɗaki kamar kayan sata ba."

"Haba Baba!" Auta ce, haushi ya fi kuka yawa a muryarta. "Me ya hana ka tambaya? Shekara talatin da shida!"

"Wanda ke horo ba ya tambaya. In ka tambaya, ba ka horu ba ke nan."

Fasto ya naɗe ƙyallensa. A tsakar gida ya tambayi Auta abin da likita ya ce. Ta ce kwanaki ake magana, ba makonni ba. Ranar Laraba ce.

Ranar Alhamis dattawa suka zauna. Fasto ya biyo ta shagona na ƙofar gida da yamma, ina kan keken ɗinki, ya zauna a kujerar masu jiran kaya, fuskar nan a yamutse. Shugaban dattawa tsohon akawun kotu ne, kuma har yau bai san ya yi ritaya ba. Ya ce ba za a maido mutumin da babu shaidar an ajiye shi ba. An duba littattafan ofis, daga shekarar da aka gina ofishin suka fara, na kafin nan gara ta cinye. Wani dattijo ya ce a sake sa shi a horo ranar Lahadi, a maido shi ta sama. Wani ya ce a rubuta wa bishop. Suka ɗage maganar zuwa zaman wata mai zuwa.

"Wata mai zuwa?" na ce. "Ka gaya musu mutumin mutuwa yake yi, ko sun ɗauka balaguro zai tafi?"

"Na gaya musu, Anti. Sun ce za su yi masa addu'a."

Da ya tafi na tuna da akwatin ƙarfen babanmu. Yana ɗakin ajiya tun rasuwarsa, a ƙarƙashin tsofaffin labulaye. Da safiyar Juma'a na jawo shi tsakar gida. Takardun makaranta ne, da hotuna, da littattafan rubutu guda tara masu baƙin bango, kowanne da shekararsa a goshi. Zaman dattawa ne kaf, da rubutun nan nasa mai jingine da dama. Ban sha wahala ba. Na ga ranar da aka ajiye birkila. Na yi ta buɗawa, sai ga wannan, wata bakwai bayanta:

"Majalisa ta ga birkila ya nuna tawali'u. An yarda a maido shi. Sakatare zai sanar da shi, a kira shi ranar Lahadi mai zuwa."

Na juya shafi. Iska ta kwashe rufin coci a makon, zaman duk na kwano ne da ƙusa da katako. Na gaba, ban kwana da fasto. Na gaba, marabtar sabon fasto. Na bi littattafan nan tara har bangon ƙarshe, ba a sake ambaton birkila ba sai in za a ba shi aiki.

Babanmu ba ya mantuwa. Mutumin da ke rubuta ranar da kowace kazarsa ta fara ƙwai. Shekara ashirin da biyu ya ƙara a duniya bayan zaman nan, katanga ɗaya tsakaninsa da mutumin. Da ya rasu, Baba Birkila ne ya yi wa kabarinsa siminti, ya hana kowa taɓa cokalin ginin.

Ba zan ɓoye ba, na mayar da littafin cikin akwati, na rufe, na zauna a kai. Kunya na ji, irin wadda ke sa mutum zufa yana cikin inuwa. Hoton babanmu yana rataye a ofishin coci cikin na waɗanda suka kafa ikilisiya, kuma ni kaɗai ce a duniya na ga shafin nan. Na tashi na buɗe shago, na ɗinka wa wata riga hannu a juye, na warware, na sake ɗinka shi a juye. Duk lokacin nan ina jin tarinsa ta bayan katanga, da muryar Auta tana cewa sannu. Wajen ƙarfe biyu na rufe keke na ɗauko littafin.

Na same shi a jingine da filo biyu, Auta na goge masa wuya da tsumma.

"Baba, na zo da wani abu."

Na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya tambayi kwanan wata, na faɗa.

"Wata bakwai," ya ce.

Ya zuba wa silin ido. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, bai share ba. Auta ta yar da tsumman ta fita tsakar gida, tana kuka tana faɗa ita kaɗai.

"Wataƙila mantawa ya yi," na ce. "Ga rufi ya tashi, ga canjin fasto."

"Malam? Mantawa?" Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "'Yata, kada ki yi wa mamaci ƙarya, ba ya buƙata."

"Ka yafe mana, Baba."

"Marin ya yi zafi. Hannun birkila ne, ga siminti a jiki. Kuma ɗalibansa na wurin suna kwasar yashi." Ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na ce sai ranar da aka kira ni, in tsaya a gaba in ba shi a idon kowa. Shi kuma ina jin jira yake in ba shi haƙurin kafin ya kawo saƙo. Kullum da safe, 'Malam, an tashi lafiya?' 'Lafiya lau, birkila, ya aiki?' Ka ji manyan banza."

Na rufe littafin.

"To, saƙo ya iso," ya ce. "Saura kira."

Da na kai wa shugaban dattawa littafin, sai da ya goge tabarau sau biyu. Ya karanta, ya duba sa hannu, fuskarsa ta washe. "Yauwa! Ai ga takarda. Tun farko abin da nake cewa ke nan." Lahadin ba ta Jibi ba ce, amma Fasto ya ce za a yi, wanda bai ji daɗi ba ya rubuta wa bishop. Auta ce ta tirje. Ta ce likita ya hana a motsa shi.

"Don kada me ya same ni?" in ji uban. "Ɗauko mini farar rigata."

Ranar Lahadi muka kai shi sujada ta biyu a motar wani maƙwabci. Rigar ta yi masa yawa, sai da na kama wuyanta da allura. Masu tsara zama suka nufi gaba da shi a kan kujerar roba, ya ɗaga yatsa ya tsayar da su. A baya za a ajiye shi. Aka ajiye kujerar kusa da bencinsa, ni da Auta muka zauna hagu da dama. Ya yi barci a lokacin wa'azi, kansa a kafaɗata, har na sa kunne in ji ko yana numfashi.

Bayan wa'azi Fasto ya ɗaga littafin mai baƙin bango, ya faɗi shekarar, ya karanta layin nan uku. Bai ce wane ne sakataren ba. Na ji kunnuwana suna zafi duk da haka. Sannan ya kira shi da cikakken sunansa, ya ce ikilisiya na kiransa, ya taso gaba.

Baba Birkila ya dafa hannun kujera zai miƙe. Bai iya ba. Dattawa huɗu suka zo suka ɗaga shi da kujerar, shugabansu na riƙe da ƙafar gaba yana haki. Mutane suka jujjuyo. Fiye da rabinsu ba su san ko wane ne ba. Na ji wata a layin tsakiya tana tambayar ta kusa da ita ko baƙo ne daga hedikwata. Shi ƙasa yake kallo. Akwai wurare uku a daɓen cocin inda sabon siminti ya haɗu da tsoho, a inda bangon baya ya taɓa tsayawa. Duk wanda suka tsallaka sai ya gyaɗa kai. Tafiyar ta yi tsawo, mawaƙa suka gama waƙa suka sake ɗaukowa daga farko.

A gaban bagadi Fasto ya yi masa tambayoyin da ake yi, ya amsa. Sai ya ce, "Ina 'yar Malam?"

Na matso na durƙusa.

"Na mari babanki a gaban mutane. Ban kyauta ba. A yi haƙuri."

Muryar ba ta wuce layi na biyu ba. Fasto ya miƙo makirufo, ya ture shi da bayan hannu.

"Ya wuce, Baba," na ce. "Shi ma bai kyauta ba."

"Bai kyauta ba," ya yarda. Ya kai ido wajen labulen hagu. "Kuma bangon a karkace yake."

Gurasar ba ta haɗiyu ba. Fasto ya gutsuri ɗan mitsitsi, ya jiƙa, ya ɗora masa a harshe. Sannan aka kawo tiren ruwan inabi, ya miƙa masa ɗan kofi ɗaya daga ciki. Baba Birkila ya riƙe shi a tafin hannu yana juyawa, ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsansa ba.

"A da kofi ɗaya ne, mu duka," ya ce.

"Mun yi yawa yanzu, Baba."

Ya sha. Rabi ya shiga, rabi ya bi gemu ya sauka a farar rigar. Mai riƙe da tire ta miƙo hannu za ta karɓi kofin, ta ga ya dunƙule yatsunsa a kai, ta dubi Fasto. Fasto ya girgiza mata kai, ta wuce. Haka muka koma gida da shi a hannunsa.

Bai ƙara wata doguwar magana ba. Ranar Litinin ya daina karɓar cokali, ko kofin shayi aka kawo sai ya kau da kai. Auta ta gano cewa in ta zuba ruwa a ɗan kofin nan yakan buɗe baki, sai ta riƙa ba shi da shi, kurɓi ɗaya duk bayan wani lokaci. Ranar Talata da rana, ina cikin yanka yadi, ta kira ni ta kan katanga, ba da ƙarfi ba. Da na shiga ya riga ya tafi. Na rufe masa ido, muka miƙe masa ƙafafu.

Kafin la'asar gida ya cika. Matan zumuntar coci suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suka fara waƙa, maza suka fito da kujeru bakin titi. Da motar asibiti ta tafi da shi, na koma ɗakin in cire zanin gado in buɗe taga. Ɗan kofin yana nan a kan kujerar gefen gado, da sauran ruwa rabi a ciki. Auta ta shigo ta tsaya tana kallonsa. Ta ɗauko murfin kwalbar magani ta rufe shi, don kada ƙuda ya faɗa.